Shaidar Masu Zama Bayan Gilashi: 'Yan DJ ɗin da Suka Buɗe wa Zango Makirufo

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin watsa shiri ya san akwai gilashi a tsakiya. Mai magana yana gefe ɗaya, mai kula da na'ura yana ɗaya gefen. Mu mutanen gefen da ba a jin muryarsa ne, kuma shekarun da muka shafe muna kallon 'yan DJ ta gilashin nan a gidajen rediyon Accra su suka ba mu bakin yin wannan shaida. Labarin mutane ne da aka yi ta liƙa wa takardar gargaɗi a allon sanarwa, aka dakatar da wasu, aka sallami wasu, alhali yawancin abin da aka hukunta su a kai shi ne yau ake ce wa shirin rediyo.

Sai an san gidan kafin a gane nauyin karya dokarsa. Rediyo ya fara a Accra ranar 31 ga Yuli 1935, da tashar ZOY, zamanin gwamna Arnold Hodson, akwati ne da ake ja masa waya har cikin ɗaki. Daga nan kusan shekara 60 gwamnati kaɗai ke da baki a iska. Gidan GBC, rediyon gwamnati, yana Kanda, maƙwabcin Nima, ɗaya daga unguwannin zango inda ake jin Hausa, da ƙafa ma ka je. Hausa na da gurbinta a tashar GBC ta ɗaya, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbanci, kowa da rabonsa na lokaci. Dattawan da suka riƙe sashen Hausa mutanen kirki ne, Hausarsu tsaf, kuma mun girmama su. Amma abin da za a faɗa a rubuce yake, an duba shi, an sa hannu, kuma Hausar da yaron Mamobi ke yi da abokinsa a bakin kwata ba ta da hanyar shiga wannan takarda.

Tsarin mulkin 1992, a sashe na 162, ya ce kada a sa shinge ga mai son kafa kafar yaɗa labarai tasa. A watan Nuwamba 1994 Charles Wereko-Brobby ya ɗauki maganar da gaske, ya kunna Radio Eye ba tare da an ba shi zango a iska ba. Farkon Disamba 'yan sanda suka kwashe kayan. A 1995 Joy FM ta fito da izini, a 1996 aka kafa hukumar NCA mai raba zangon iska, sai tashoshi suka yi ta tsirowa kamar naman kaza bayan ruwa. Wato rediyon 'yan kasuwa a Ghana da karya doka ya fara, kuma waɗanda suka shigo aiki a shekarun nan sun san haka.

Da yawa cikinsu ba daga makarantar aikin jarida suka fito ba. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 an sa dokar hana fitar dare, ta ɗauki sama da shekara biyu, ta karya kasuwar makaɗa masu jita da ƙaho. Waɗanda suka cike gurbin su ne masu kiɗan sifika, da a nan ake ce wa sifinas: mutum uku ko huɗu, da dek biyu, da amfilifaya, da manyan akwatunan sifika. A zango su ke riƙe da aure da suna. A can suka koyi karanta fuskar taro, suka san lokacin da za a kira sunan magajiya da lokacin da za a sassauta don dattawa su wuce. Mutumin da ya saba da taro a gabansa, in ka kulle shi a ɗaki da takarda ka ce karanta, to ka san ba za a daɗe ba.

Dokar farko da suka taka ita ce ta harshe. Sababbin tashoshin da Turanci suka fara, wasu har da lanƙwasa harshe irin na Amurka, kuma a rubuce yake cewa shiri da Turanci ake yin sa. Akwai wani haifaffen Mamobi mai shirin ƙarfe goma zuwa sha biyun dare. Wata tsohuwa ta bugo, ta fara haɗa gaisuwa da Turancin da bai zauna mata ba, tana tsayawa tana komawa. Ya ɗago ya dube mu ta gilashi, ya matso da bakinsa kusa da makirufo, ya ce, "Hajiya, faɗi da Hausa, ina jin ki." Shiru na ɗan lokaci. Sai ta ce, "To ɗana, Allah ya yi maka albarka," ta jero 'ya'yanta da jikokinta da maƙwabtanta, har da 'yar uwarta ta Aboabo a Kumasi, wadda tashar ba ta ma kai can. Fitilar layin waya ba ta sake mutuwa ba har aka rufe. Da safe takardar gargaɗi na jiransa. Mako mai zuwa ya sake, wannan karon yana tsallakawa daga Hausa zuwa Twi zuwa Ga yadda ake yi a kasuwar Nima ranar Laraba. Da Peace FM ta fito a 1999 tana magana da Twi daga safe har dare, masu talla suka bi ta, sai manajoji suka daina rubuta irin wannan takarda. Tashoshin da suka zo daga baya suna yi wa zango magana da harshensa, irin su Marhaba a Accra da Zuria a Kumasi, sun tarar da masu sauraro a shirye.

Wadda ta fi ba mu dalilin tsaya musu ita ce maganar sanarwar rasuwa. Ƙa'idar ofis ita ce duk sanarwa ta bi ta sashen talla: a biya, a karɓi rasit, a buga ta, a shigar da ita takardar jerin shiri tun kwana ɗaya kafin a karanta. Ofishin kuwa ƙarfe biyar yake tashi. An ɗinka wannan ƙa'ida ne a kan jana'izar da ake shiryawa makonni, gawa na ajiye a asibiti. Mu kuwa wanda ya rasu da asuba, bayan azahar ko la'asar an kai shi maƙabartar Awudome. Kafin rasit ya fito an dawo daga maƙabarta. Saboda haka DJ ɗan zango yakan karɓi takardar a ƙofar tasha, ya shiga da ita, ya karanta.

Masu hankalin cikinsu sun kafa wa kansu sharuɗɗan da suka fi na ofis tsauri. Sanarwa ta zo a rubuce, kuma mai kawowa ya zo da ƙafarsa, da sa hannun limami ko mai unguwa. A sa sunan mamaci da laƙabinsa, domin a zango laƙabi ya fi suna tafiya. A sa gidan, da masallacin da za a yi salla, da lokaci, da maƙabarta. In zai karanta sai ya sauke kiɗa gaba ɗaya, ba a barin shi yana motsi a ƙarƙashin murya. Ya karanta sau biyu a tsanake, ya bar daƙiƙa biyu ko uku na shiru, kuma abin da zai biyo baya ba na rawa ba ne. Sannan ya rubuta da hannunsa a gefen takardar jerin shiri cewa ya karanta, da ƙarfe kaza, don kada gobe a ce ya ɓoye ko ya ci kuɗi. Inda abin ke ɓaci shi ne karɓar rasuwa ta waya. Alhazai masu suna ɗaya sun yi yawa, ga masu mugun wasa. An taɓa sanar da rasuwar mutum yana zaune a shagonsa, 'yan uwa har sun nufi tashar mota. Wanda ya yi wannan kuskure sau ɗaya ba ya ƙara karɓar rasuwa daga muryar da bai ga fuskarta ba.

Sai jakar kaset. Doka ta ce abin da ke ɗakin ajiyar faifai na tasha, mai hatimi, shi kaɗai ake sakawa. Yaran Nima da na Sabon Zango da suka fara rera Hausa a kan hiplife, kiɗan rap na Ghana, a ƙarshen shekarun 1990 ba su da faifai, kaset suke da shi, wani lokaci kwafi na uku. DJ zai shigo da jakarsa a kafaɗa, ya ajiye ta ƙarƙashin tebur. A nan ake gane gwani, domin kaset ba a yi shi don aikin iska ba.

Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma farkonsa akwai farin zare marar sauti na kusan daƙiƙa biyar. In ka danna kawai, ka ba wa gari shiru, kuma shiru a iska ya fi komai tsawo. Gwani yakan sa abin kunne, ya saurara a gefe har ya ji bugun farko, ya tsayar, ya fitar da kaset ɗin, ya zura biron Bic a ramin, ya mayar da zaren baya kamar rabin zagaye. Rabin zagayen nan ba ɗaya ba ne ko'ina: in ƙullin da kake juyawa ya cika yana jan zare da yawa, in ya kusa ƙarewa kaɗan yake ja, don haka hannu ne ke koyo. Ya mayar, ya danna maɓallin dakatarwa tare da na tafiya, sai lokaci ya yi ya saki na dakatarwa kaɗai, don kada a ji ƙarar ƙarfe. C60 da C90, wato kaset mai minti 60 da mai 90, ake amfani da su. C120 zarensa siriri ne, robar da ke matse zare tana naɗe shi, waƙa ta koma kukan akuya a tsakiyar shiri. Kowace safiya a goge kan dek da wannan roba da auduga da sifirit, lokacin hunturu ma sau biyu, saboda ƙura. Faifan garmaho kuwa, a sa allura, a nemo bugun farko, a juya baya rubu'in zagaye, a riƙe da yatsa a kan shimfiɗar ulu. Yawan yin haka a wuri ɗaya yana cinye farkon waƙa, ka ji tana ƙas-ƙas kafin ta tashi.

Waƙar da ke da kalmar batsa ko zagi, nagari ba ya jefar da ita kuma ba ya sakin ta haka. Ko dai ya haddace wurin ya tsoma feda, abin ɗaga sauti da sauke shi, ƙasa daidai kalmar, ko a kwafe ta a babban zare na ril, a yi alama da fensirin maiƙo, a yanka da reza a karkace, a cire guntun, a haɗe da salatif na musamman. Salatif ɗin ofis yana narkewa ya manne zare. Duk wanda ya saka kaset ɗin da bai saurara daga farko har ƙarshe ba, mun san ranar kunyarsa na tafe.

Surutu a kan waƙa ma laifi ne a takarda. An yarda ka yi magana a kan gabatarwar kiɗa, ka yi shiru kafin mawaƙi ya buɗe baki, shi ya sa ake rubuta daƙiƙoƙin gabatarwa a jikin kwali. Su kuwa har tsakiya suke shiga da kirari da gaisuwa. Wani ɓangare ɗabi'ar gidan aure ce. Wani ɓangare kuma roƙon mawaƙan ne da kansu, domin masu kwafin kaset na zaune da yatsa a kan maɓallin ɗauka, kuma waƙar da ta fita tsaf yau gobe tana kan tebur a kasuwa. In za a yi, a sauke kiɗa kamar desibel 10 zuwa 15 ƙasa da murya. Wanda bai sauke ba, ba a ji shi ba, ba a ji waƙar ba.

Waya ita ce ta fi ba mu aiki. Tashar kirki tana da na'urar haɗa layi da mikisa, teburin da ake haɗa sautuka a kai, kuma ana mayar wa mai kira duk sautin ɗaki ban da muryarsa. In muryarsa ta koma masa sai kuwwa ta tashi. Ƙananan tashoshi da ba su da ita, wasu sun ɗaure kan tarho a bakin makirufo da salatif, wasu sun ja waya daga layin. Layin tarho yana ɗauke da kusan bolt 48, in ya yi ƙara kuma ya haura haka sosai, saboda haka in babu ƙaramin taransifoma da kafasita a tsakani, layin mikisa ɗaya ya tafi. "Yaya, rage rediyonka" ita ce jimlar da aka fi faɗa a iska a shekarun nan. Masu kira da yawa daga ɗakin waya na haya suke bugowa, daga baya kuma daga teburin masu wayar hannu a bakin titi, kuɗi na tafiya, shi ya sa suke zuba magana ba numfashi.

Doka ta ce a tace mai kira kafin ya hau iska. 'Yan DJ ɗin nan sukan ɗauka kai tsaye, suna cewa tacewa tana kashe daɗin hira. Daɗin kam akwai, amma kafin 2001, lokacin da aka soke dokar da ke ɗaure mutum kan ɓata suna, kalma ɗaya daga bakin baƙo tana iya kai mai tasha kotu. Maganin da aka sani shi ne jinkirin daƙiƙa bakwai. Da ril biyu ake yi: ɗaya na ɗauka, ɗaya na fitarwa, zare na gudun santimita 19 a daƙiƙa, don haka ana bukatar tazarar kamar santimita 133 tsakanin kawunan biyu. Tashoshi kaɗan ne suka damu da haɗa shi. Abin da ya rage shi ne yatsan mai na'ura a kan feda, da kunnen da ya san zagi da Hausa da Twi da Ga tun daga harafin farko.

Akwai dokar da ba mu taɓa goyon bayan karya ta ba, kuma har gobe ba za mu goya ba: kada allurar mitar sauti ta wuce jan layi. Kusan kowane ɗan sifinas ya zo da imanin cewa in allura ta kwanta a ja, tasha za ta fi ƙarfi ta fi nisa. Wasu har sukan zagaye na'urar da ke danne sauti in mun fita. A FM ƙarfin da ke fita eriya ɗaya ne, ko ka yi raɗa ko ka yi ihu. Nisa yana ga tsayin eriya da ƙarfin taransimita da lafiyar kebul. Abin da ƙarar sauti ke yi shi ne faɗaɗa lilon zangon iska, kuma iyakarsa kilohaz 75 kowane gefe. Ka wuce nan, ƙaramin rediyon mai shayi ya fara tsatsa, fitilar sitiriyo ta riƙa ƙyaftawa, ka fantsama cikin tashar maƙwabta. Ga kuma filin jirgin sama nan kusa da Nima, kuma daga megahaz 108 zuwa sama na'urorin saukar jirgi ne ke aiki. Taransimita mai datti a irin wannan wuri ba abin wasa ba ne. Haka ma payola, kuɗin da ake karɓa a hannun mawaƙi kafin a saka waƙarsa. Mutumin da ya buɗe wa yaran unguwa ƙofa da jakarsa, in ya fara karɓa, shi ne ke rufe ta a fuskar wanda ba shi da ko sisi. Mun ga masu yi, mun ga waɗanda suka ƙi, kuma zango ya san kowa.

Azumi ne ke fito da halin kowa. Rana a Accra wajen ƙarfe shida take faɗuwa duk shekara, kuma nan ne talla ta fi tsada. Sai ka ga tallar giya ko ta caca ta faɗo daidai shan ruwa. DJ zai ɗage ta, ya sa kiran salla. Wanda ya san aiki yakan nemi abokin aikinsa tun da rana su yi musaya, ya rubuta sabon lokacin a takarda, domin mai talla yana da mai saurara masa, kuma tallar da ba ta fita a lokacinta ba bashi ce a kan tasha. Wanda ya share ta kawai, a albashinsa ake cirewa.

Sannan tashin sahur. Tasha na rufewa sha biyu, amma wajen uku da rabi sai ka ji ta dawo, murya ƙasa-ƙasa: "Jama'ar Nima, jama'ar Mamobi, jama'ar Fadama, a tashi a ɗora ruwa." Ba wanda ya ba da izini. Sai ya roƙi mai gadi, ya roƙi mai na'ura: "Maigida, ka taimaka, awa ɗaya ce." Kafin a kunna sai an duba fankar taransimita, an kakkaɓe matatar iska, an tayar da na'urar sanyaya ɗaki, an dubi mitar ƙarfin da ke dawowa daga eriya. In ta hau, ruwa ya shiga kebul ko mahaɗa ta saki, kuma in aka matsa sai an ƙona kayan da ba a samu a Accra. A 1998, da ruwan madatsar Akosombo mai ba da lantarki ya ja baya aka shiga rabon wuta, janareta ne ke ɗauke da dare, man kuma a lissafe yake. Masu shaguna da direbobin trotro, motocin hayar unguwa, sun sha haɗa kuɗin galan su aiko, don kada muryar ta ɗauke kafin a ce alfijir ya keto.

Tashoshin ba su ajiye komai ba. Kaset ɗin da ake ɗaukar shiri a kai don shaida, in mako ya zagayo sai a toshe ramin da salatif a sake ɗauka a kai. Abin da ya rage yana cikin akwatunan mutane, a ƙarƙashin gado, a Nima da Madina ta Accra da Asawase ta Kumasi. Wanda ya tarar da irinsu kada ya yi saurin sakawa a dek. Ya duba ta tagar kaset ko akwai farin fumfuna, ya juya da biro a hankali daga farko har ƙarshe don zaren ya saki. Ya duba ɗan soson da ke tokare zare, domin yakan faɗi, kuma in babu shi sauti a dushe zai fito. In kwanson ya fashe, a kwance sukurori biyar na wani kaset mai lafiya a mayar da zaren ciki. A goge kan dek, a juya ɗan sukurun da ke gefensa kaɗan-kaɗan har harafin "s" ya fito wasai, sannan a ɗauka a kwamfuta a tsarin WAV, a rubuta tasha da shekara da unguwar da aka samo shi. Za a ji wuraren da mai kaset ɗin ya danna dakatarwa don ya tsallake surutun DJ, sai rabin gaisuwa ko wutsiyar wani suna ta tsira kafin waƙa ta shigo. A bar waɗannan guntayen yadda suke, kada a yanke su wajen gyara.